Eric Liddell: zakaran tsere da ya ƙi yin gudu ranar Lahadi

Ranar Juma'a 11 ga watan Yuli na 1924, a filin wasa na Colombes da ke gefen birnin Paris, mutum shida suka jeru don karon ƙarshe na tseren mita 400 a wasannin Olamfik. Layin waje ne ya faɗa wa wani saurayi ɗan Sikotland mai shekara 22. Ƴan tsere ba su son wannan layi, don mai gudu a cikinsa ba ya ganin abokan karawarsa, bai san ko suna dab da shi ba ko ya ba su rata. Ana harba bindiga saurayin ya zabura kamar mita 100 kawai za a yi, ya cinye rabin farko cikin sakan 22.2. Masu kallo da suka san sha'anin tsere suka yi ta jiran ya sare kafin ƙarshe. Bai sare ba. Ya ƙetare layi cikin sakan 47.6, lokacin da ba a taɓa yi ba a Olamfik, Horatio Fitch na Amurka yana biye da shi, Guy Butler na Birtaniya ya zo na uku. Sunan saurayin Eric Liddell, kuma ba don wannan tseren ƙasarsa ta sa ran samun zinariya daga gare shi ba.

An haife shi ranar 16 ga Janairu 1902 a birnin Tianjin na arewacin ƙasar Sin. Mahaifinsa, James Dunlop Liddell, fasto ne da wata ƙungiyar mishan ta Landan ta tura can, shi da matarsa Mary. Yana da shekara shida aka sa shi da yayansa Robert a wata makarantar kwana ta ƴaƴan ƴan mishan a kudancin Landan, wadda daga baya aka sani da Eltham College, iyayen kuma suka koma Sin. Sai an yi shekaru kafin su ga juna. A nan ya fara fice a wasanni, ya zama kyaftin na ƙwallon zari-ruga da na kurket.

Da ya shiga jami'ar Edinbara don karatun kimiyya, gudunsa ya fito fili. Ya buga wa Sikotland zari-ruga sau bakwai a 1922 da 1923, kafin ya ajiye ƙwallon ya maida hankali ga tsere. Mai horar da shi, Tom McKerchar, ma'aikacin gidan buga takardu ne da ya san jikin ɗan tsere. Ya koya masa tashi daga layi da kula da tsoka, amma bai iya gyara masa salon gudu ba. Liddell yakan jefa kai baya, baki a buɗe, hannuwa suna kaɗe-kaɗe kamar mai neman kama iska. Duk wani malamin tsere zai ce haka ba daidai ba ne, ƴan kallo ma sukan yi dariya da farko. Sai dai da wannan salon ne ya yi yadi 100 cikin sakan 9.7 a gasar Birtaniya ta 1923, ya kafa sabon tarihi na ƙasar. Mako guda bayan haka, a garin Stoke, wani ɗan tsere ya bangaje shi ya fita daga layi a farkon tseren yadi 440. Ya dawo, ya bi mutanen da suka riga suka yi masa nisa, ya wuce su ɗaya bayan ɗaya, ya ci, sannan ya zube ƙasa don gajiya.

A wannan shekarar ce kuma wani mai wa'azi, D. P. Thomson, ya roƙe shi ya yi magana a gaban taron ma'aikata a garin Armadale. Liddell mutum ne mai kunya, ba shi da baiwar magana mai tada tsikar jiki. Amma mutanen da ba su taka ƙofar majami'a sukan zo don su ga ɗan wasan da suke karantawa a jarida, kuma su zauna su saurare shi. Daga nan ya riƙa raba lokacinsa uku: aji, filin horo, da wa'azi a ƙarshen mako. Bai ɗauki gudu a matsayin kishiyar ibada ba. A ganinsa ƙarfin jiki amana ce, horar da shi kuma wajibi ne, muddin bai zama abin bauta ba. Abokan karawarsa sun riƙa ba da labarin yadda yake bi yana gaisawa da kowa kafin a tashi, har yakan ara musu ƴar shebur ɗinsa su haƙa ramin kafa ƙafa, tunda a lokacin babu ƙarfen tashi irin na yau.

Sai maganar Lahadi ta taso. Watanni kafin wasannin Paris aka fitar da jadawali, aka ga cewa zagayen farko na mita 100 ya faɗa ranar Lahadi 6 ga Yuli. Liddell ya ce ba zai yi ba. Ya kamata a fahimci cewa ba duka Kirista ke ganin laifin wasa ranar Lahadi ba. Da yawa daga cikin ƴan tawagar Birtaniya masu zuwa majami'a ne, kuma sun yi gudunsu. Amma a gidan da ya tashi, da majami'un Sikotland na wancan zamani, ranar ta Ubangiji ce ɗungurungum, babu aiki, babu wasa. Shugabannin wasanni suka yi ta lallashi, wasu jaridu da jama'a suka zarge shi da fifita ra'ayinsa a kan ƙasarsa. Bai yi musu da kowa ba, bai kuma ce wani ya bi shi ba. Ya dai tsaya a kan bakansa, ya koma horon mita 200 da 400.

Wannan matsaya ta jawo asara, kuma ba shi kaɗai ya ɗauke ta ba. Ya fita daga tseren miƙa sanda guda biyu, na mita 100 sau huɗu da na mita 400 sau huɗu, saboda su ma sun taɓa Lahadi. Birtaniya ta ƙare da azurfa a na farko, da tagulla a na biyu. Abokansa na da hujjar jin zafi, don mutumin da ya fi kowa gudu a mita 400 yana gari ɗaya da su, yana wa'azi a majami'ar ƴan Sikotland da ke Paris. Masu ba da labarinsa sukan tsallake wannan gefen, alhali shi ne ke nuna nauyin abin da ya zaɓa. Mita 100 kuwa, ɗan ƙasarsa Harold Abrahams ne ya cinye ta, abin da ya rage wa Liddell zafin suka. Shi kuma ya sami tagulla a mita 200, bayan Amurkawa biyu, Jackson Scholz da Charley Paddock, kwana biyu kafin ranar zinariyarsa. Da safiyar ranar, ɗaya daga cikin masu yi wa tawagar tausa ya miƙa masa wata ƴar takarda mai ɗauke da aya daga littafin Sama'ila na fari, a kan girmamawar da Allah ke yi wa mai girmama shi.

Kwana shida bayan nasarar ya karɓi digirinsa a Edinbara. Aka ɗora masa rawanin ganye, ɗalibai suka ɗauke shi bisa kafaɗa suka zaga gari da shi. Yana da shekara 22, wasannin Amsterdam na 1928 suna gabansa, ga suna, ga farin jini. Amma tun kafin Paris ya riga ya yanke shawara. Ya yi shekara guda yana karatun addini, ya yi tserensa na ƙarshe a Sikotland a filin Hampden na Glasgow a 1925, inda ya ci yadi 100 da 220 da 440, ya hau jirgin ƙasa ya nufi Sin.

A Tianjin ya zama malamin kimiyya da wasanni a wata kwalejin mishan da ƴaƴan masu hali ke zuwa. Bai bar gudu kwata-kwata ba, yakan shiga gasa jefi-jefi, har ya doke ƴan tseren Faransa da Japan a 1928. An naɗa shi fasto a 1932 lokacin da ya je hutu gida, a 1934 kuma ya auri Florence Mackenzie, ƴar wasu ƴan mishan na Kanada, wadda ta karanci aikin jinya. Suka haifi ƴaƴa mata biyu, Patricia da Heather.

A 1937 ƙungiyarsa ta nemi ya bar birni ya koma Xiaozhang, wani yanki na karkara a lardin Hebei, inda yayansa Robert ke aikin likita. Shekarar ce yaƙi ya ɓarke gadan-gadan tsakanin Sin da Japan, kuma yankin ya zama filin daga: sojan Japan a kan hanyoyin jirgin ƙasa, ƴan sari-ka-noƙe a ƙauyuka, ga ƴan fashi, ga yunwa. Liddell ya riƙa zagaya ƙauyuka a kan keke, ana tsayar da shi ana bincike a shingen sojoji. Wata rana ya je da amalanke ya ɗauko wani mai rauni da aka yasar a wani tsohon ɗakin bauta, mutanen ƙauye suna tsoron taimakonsa kada sojan Japan su hukunta su. A hanyar dawowa aka nuna masa wani na biyu, wanda aka sara da takobi a wuya aka bar shi a kan ya mutu. Ya haɗa su duka ya kai gidan likita. Na farkon bai yi rai ba. Na biyun ya warke, ashe mai zane ne, ya ba shi zanen fure don godiya.

Da al'amura suka ƙara dagulewa a 1941, gwamnatin Birtaniya ta shawarci ƴan ƙasarta su fice. Florence tana da ciki. Liddell ya sa ta a jirgin ruwa da yaran biyu zuwa Kanada, shi ya zauna. A can aka haifi ta ukun, Maureen, wadda ba ta taɓa ganin mahaifinta ba. Ana iya tambaya ko daidai ne magidanci ya bar mace mai ciki da ƙananan yara don aikin da ba da jimawa ba za a hana shi yi. Tambayar ba ta da sauƙi, kuma ƴaƴan ne suka girma da ita. Abin da ke a fili shi ne mutumin da ya ƙi gudu ranar Lahadi da wanda ya ƙi hawa jirgin nan hali ɗaya ne.

Bayan harin Pearl Harbor Japan ta ɗauki Turawan Birtaniya da Amurkawa a matsayin abokan gaba. A watan Maris na 1943 aka kwashe su zuwa sansanin tsare mutane na Weihsien, a lardin Shandong, wani tsohon gidan mishan da aka cusa wa mutum kusan 2000. Akwai ƴan kasuwa, limaman Katolika, ma'aikatan banki, tsofaffi, da ɗaruruwan yara, wasu an kwaso su daga makarantar kwana ba tare da iyayensu ba. Abinci bai isa ba, makewayi ya cika, sanyi na kashe mutane, faɗa kan wurin kwana da rabon abinci kuwa kullum ne.

A nan ne horonsa na wasa da imaninsa suka haɗu wuri guda fiye da ko'ina. Yakan tashi tun da asuba ya yi addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki da ƴar fitilar man gyaɗa. Da rana ya koyar da lissafi da kimiyya. Da babu littafin kimiyyar sinadarai sai ya rubuta ɗaya da hannunsa. Ya ɗebo wa tsofaffi ruwa da gawayi, ya shirya wa matasa tsere da ƙwallo, ya ɗaure karyayyun sandunan ƙwallon gora da tsumman da ya yage daga kayan gidansa. Yara suka laƙaba masa Kawu Eric. Langdon Gilkey, wani Ba'amurke da aka tsare tare da shi, ya rubuta littafi a kan sansanin inda ya caccaki son kai na mutane da yawa, har da ƴan mishan, amma ya ware Liddell ya yaba masa.

Wani abu ya faru a sansanin da ya kamata a ajiye kusa da labarin Paris. Da farko ya ce ba zai shirya wasa ranar Lahadi ba. Matasan suka shirya ƙwallon gora da kansu, babu alƙali, wasan ya ƙare da dambe. Lahadi ta gaba sai ga Liddell a fili yana alƙalanci. Dokar da bai karya ba don zinariyar Olamfik, ya sassauta ta don kada yaran da ke tsare su ji wa juna ciwo. Wani saurayi mai suna Stephen Metcalf, wanda takalmansa suka mutu a tsakiyar hunturu, shi Liddell ya ba tsoffin takalmansa na gudu, ya kuma koya masa yi wa sojan Japan addu'a maimakon ƙinsu. Metcalf ya yi shekaru masu yawa yana aikin mishan a Japan bayan yaƙi.

Wajen ƙarshen 1944 ciwon kai mai tsanani ya kama shi, tafiyarsa ta yi nauyi, maganarsa ta fara sarƙewa. Ya ɗauka gajiya ce da raunin zuciya, har abin ya dame shi. Ashe ƙari ne a ƙwaƙwalwa, wanda ba a iya yi wa aiki a wurin. Ya rasu ranar 21 ga Fabrairu 1945 yana da shekara 43, wata shida kafin sojan laima na Amurka su sauka su buɗe sansanin. Sai da aka yi fiye da wata biyu kafin labari ya kai wa Florence a Toronto.

Duniya ta sake jin sunansa a 1981 ta silimar Chariots of Fire, wadda ta ci kyautar Oscar huɗu. Silimar ta ƙara gishiri: ta nuna kamar a bakin jirgin ruwa, kan hanyar Faransa, ya ji labarin Lahadin, ta kuma nuna ƙanwarsa Jenny tana adawa da gudunsa, abin da ba haka yake ba. Shekara guda kafin fitowarta, wani ɗan Sikotland, Allan Wells, ya ci mita 100 a wasannin Mosko, ya sadaukar da nasarar ga Liddell. A 1991 jami'ar Edinbara ta kafa dutsen tunawa da shi a tsohon sansanin, a birnin da yau ake kira Weifang, dutsen kuma daga tsibirin Mull na Sikotland aka ɗauko shi. Filin Colombes yana nan har yanzu da sunan Yves-du-Manoir, kuma a wasannin Paris na 2024 a cikinsa aka buga ƙwallon gora.