Mariya Montessori, Likitar da ta Horar da Malamai (1870–1952)

An haifi Mariya Montessori ran 31 ga Agusta, 1870, a garin Chiaravalle na ƙasar Italiya. Ta yi karatun likita a Jami'ar Roma, ta gama a 1896, zamanin da da wuya a ga mace a wannan fanni.

Aikinta ya kai ta gidajen masu taɓin hankali na birnin Roma. Can ta tarar da yara masu tawayar ƙwaƙwalwa a kulle cikin ɗakuna fayau, ba karatu, ba abin wasa. A lokacin ba a rarrabe lalurori irin su galahanga ba, kuɗin goro ake yi wa kowa. Wata mai kula da su ta koka mata cewa da sun gama cin abinci sai su bi ƙasa suna tsintar ɓurɓushin burodi. Mariya ta gane ba yunwar ciki ce kaɗai ba. Hannuwansu ne ke neman abin taɓawa, hankalinsu kuma abin yi.

Ta duƙufa kan rubuce-rubucen likitocin Faransa biyu, Itard da Séguin, waɗanda suka riga ta wannan aiki. A taron malamai na Turin a 1898, ta tsaya kan cewa waɗannan yara sun fi bukatar malami ƙwararre da magani. A 1900 aka buɗe makarantar horar da irin waɗannan malamai a Roma, ta zama ɗaya daga shugabanninta biyu. Malamai 64 ne rukunin farko. An koya musu su fara lura da yaro da haƙuri, su rubuta abin da suka gani, sa'an nan su koyar ta hanyar taɓawa, gani da ji. Ita kanta takan wuni tare da yaran. Waɗansunsu suka iya karatu da rubutu, har suka ci jarrabawar gwamnati tare da sauran yara.

Ran 6 ga Janairu, 1907, idin Bayyanuwar Ubangiji, ta buɗe Gidan Yara na farko a unguwar talakawa ta San Lorenzo. Daga baya ta rubuta littafi mai bayyana wa yara Hadayar Misa. Ta rasu a Holand ran 6 ga Mayu, 1952, aka binne ta a makabartar Katolika ta Noordwijk.

'Yan'uwa cikin Kristi, akwai irin waɗannan yara a cikinmu, waɗansu a ɓoye saboda kunya. Su ma siffar Allah ne. Tausayi kaɗai bai isa ba, sai mun horar da malamanmu da katekis su san yadda za su karɓe su. Allah ya ba mu wannan zuciya. Amin.