Louis Agassiz

Jean Louis Rodolphe Agassiz (28 ga Mayu 1807 – 14 ga Disamba 1873) masanin dabbobi da duwatsu ne, haifaffen ƙasar Suwizalan wanda daga baya ya zauna a Amurka. An fi saninsa da yaɗa ra'ayin cewa a wani zamani mai nisa ƙanƙara ta taɓa lulluɓe yawancin arewacin Turai.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Môtier, mahaifinsa limamin coci ne. Ya yi karatu a Zurich da Heidelberg da Munich, inda ya sami digirin likitanci a 1830. A birnin Faris ya kusanci manyan masana biyu, Georges Cuvier da Alexander von Humboldt. A 1832 ya zama malami a Neuchâtel, ya kuma yi suna da bincike kan kifayen dā waɗanda sawunsu ya saura a cikin duwatsu.

Binciken ƙanƙara

A lokacin, masana na jayayya kan manyan duwatsun da ake tsinta nesa da tushensu, da zane-zanen karce a jikin fā. Akasari suna danganta su da ambaliya. Ignaz Venetz da Jean de Charpentier kuwa suka ce aikin kogin ƙanƙara ne, wato daskararriyar ƙanƙara mai gangarowa daga tsauni a hankali tana jan duwatsu. A 1836 Agassiz ya ziyarci Charpentier a Bex yana mai shakka, amma abin da ya gani ya gamsar da shi. A watan Yulin 1837 ya gabatar da ra'ayin a taron masana a Neuchâtel, ya faɗaɗa shi fiye da yadda magabatansa suka yi. A 1840 ya wallafa littafinsa Études sur les glaciers.

Wasiƙu da jayayya

Wani ɓangare na muhawarar ya gudana ne ta wasiƙa. Humboldt ya rubuto masa yana ba shi shawara ya bar maganar ƙanƙara ya koma kan kifayensa. William Buckland na Jami'ar Oxford, wanda da fari bai yarda ba, ya zagaya Sikotland tare da shi a 1840, suka ga tarin tsakuwa da karce irin na tsaunukan Alps. Agassiz ya rubuta wa Robert Jameson wasiƙa kan abin da suka gano, jaridar The Scotsman ta buga ta a watan Oktoba na shekarar. A wannan watan Buckland ya sanar da shi a rubuce cewa Charles Lyell ya amince da ra'ayin, ko da yake Lyell ya ja da baya daga bisani.

Nasarar ta jawo masa rashin abokai. Charpentier ya ji haushin yadda Agassiz ya riga shi fitar da littafi, domin nasa sai 1841 ya fito. Karl Schimper, wanda ya ƙirƙiro kalmar Jamusanci mai nufin zamanin ƙanƙara, shi ma ya zarge shi da tauye masa haƙƙi.

Rayuwa a Amurka da rasuwa

Ya tafi Amurka a 1846, ya koyar a Jami'ar Harvard, ya kafa gidan adana nau'o'in dabbobi a can a 1859. Ya ƙi amincewa da ra'ayin Charles Darwin har ƙarshen rayuwarsa. Ana sukar sa a yau saboda koyarwarsa cewa ba asali ɗaya jinsunan mutane suka fito ba, wadda ta ƙasƙantar da baƙar fata.

Ya rasu a Cambridge ta jihar Massachusetts. An ɗora wa kabarinsa wani dutse da aka kawo daga kogin ƙanƙara na Aar. Matarsa Elizabeth Cary Agassiz ta tattara wasiƙunsa ta wallafa a 1885.