Freddie Mercury: Ɗan Zanzibar ɗin da ya mamaye kiɗan rock

Fiye da shekaru talatin bayan mutuwarsa, har yanzu sunan Freddie Mercury na cikin na farko da ake ambata a duk lokacin da aka zo lissafa manyan mawaƙan kiɗan rock na duniya.

Shi ne jagoran mawaƙan Queen na Birtaniya, kuma waƙoƙinsa na ci gaba da tashi a filayen ƙwallon ƙafa a duk lokacin da wata ƙungiya ta ɗauki kofi.

Sai dai da dama daga cikin masu rera waƙoƙin nasa ba su san cewa a nahiyar Afirka aka haife shi ba, kuma a can tsibirin da aka haife shi ɗin, ra'ayi ya rabu a kan ko ya cancanci a riƙa tunawa da shi.

Daga Zanzibar zuwa Indiya

An haife shi ne a ranar 5 ga watan Satumban 1946 a tsohon birnin Zanzibar, kuma sunansa na yanka Farrokh Bulsara.

Iyayensa, Bomi da Jer, 'yan ƙabilar Parsi ne daga yankin Gujarat na Indiya. Su dai 'yan Parsi asalinsu mutanen Farisa ne da suka yi ƙaura zuwa Indiya ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suna kuma bin addinin Zoroaster, wanda littattafan Musulunci ke kira Majusanci.

Mahaifinsa ma'aikacin kuɗi ne a gwamnatin mulkin mallakar Birtaniya, wadda a lokacin take riƙe da tsibirin tare da Sarkin Zanzibar.

Yana ɗan shekara takwas aka aika shi makarantar kwana ta St Peter's da ke garin Panchgani, kusa da Bombay. A can ne abokansa suka laƙaba masa suna Freddie, a can ne kuma ya goge a kaɗa fiyano, har ya shiga wata ƙungiyar kiɗa ta ɗalibai mai suna The Hectics.

Ya koma Zanzibar a 1963, amma zaman bai yi nisa ba. A watan Janairun 1964 aka yi juyin juya halin da ya kifar da Sarki Jamshid bin Abdullah, inda aka kashe dubban Larabawa da 'yan asalin Indiya.

Iyalan Bulsara na cikin waɗanda suka tsere. Sun sauka a Feltham da ke yammacin Landan, lokacin Farrokh na da shekaru 17. Bai sake taka ƙasar Zanzibar ba har ya mutu.

Kafuwar Queen

A Landan ya karanci zane-zane a kwalejin Ealing, inda ya kammala a 1969. Kafin ya yi suna ya yi aikin ɗaukar kaya a filin jirgin sama na Heathrow, ya kuma sayar da gwanjo a kasuwar Kensington tare da abokinsa Roger Taylor, wani makaɗin ganga.

Shi Taylor ɗin da Brian May, mai kaɗa jita kuma ɗalibin ilimin taurari, suna da wata ƙungiya mai suna Smile. Da mawaƙinsu ya bar su a 1970 sai Farrokh ya maye gurbinsa.

Shi ne ya raɗa wa ƙungiyar sabon suna Queen, ya zana mata tambari, sannan ya sauya nasa sunan zuwa Freddie Mercury. A 1971 John Deacon ya zo ya cike su huɗu, kuma haka suka zauna babu sauyi har shekaru ashirin.

Faifansu na farko ya fito a 1973, amma waƙar Bohemian Rhapsody ta 1975 ce ta ɗaukaka su.

Waƙar ta kusa minti shida, ba ta da amshi, kuma ta haɗa salon opera da na rock a wuri guda. Masu harkar faya-fayai sun yi zaton babu gidan rediyon da zai sa waƙa mai tsawo haka.

Amma da wani mai gabatar da shiri, Kenny Everett, ya yi ta maimaita ta a gidan rediyon Capital na Landan, sai jama'a suka yi caa a kanta. Ta yi makonni tara tana kan gaba a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya.

Daga nan sai nasara ta riƙa bin nasara. A 1977 suka fitar da We Are the Champions wadda Mercury ya rubuta, a 1980 kuma ƙungiyar ta hau matsayi na ɗaya a Amurka har sau biyu.

Mawaƙin yana da haƙora huɗu fiye da na sauran mutane, abin da ya turo na gabansa waje. Ya ƙi yarda a gyara su saboda tsoron kada muryarsa ta sauya.

Yabo da suka

Waɗanda suka halarci wasannin Queen sun fi tuna yadda Mercury ke juya taron dubban mutane kamar waina. Yakan rera wani sauti, jama'a su amsa, ya ƙara masa tsawo da wuya, su sake amsawa, har filin ya zama kamar murya ɗaya.

Wasan da masoyansa suka fi ambata shi ne na Live Aid, wanda Bob Geldof da Midge Ure suka shirya a ranar 13 ga watan Yulin 1985 domin tara gudunmawa ga waɗanda yunwa ta addaba a Habasha.

A gaban mutane kusan dubu 72 a filin wasa na Wembley, Queen ta yi kimanin minti ashirin a kan dandamali. A wata ƙuri'ar jin ra'ayin mawaƙa da masu sharhi da aka yi a 2005, an zaɓi wannan wasa a matsayin mafi ƙayatarwa a tarihin kiɗan rock.

Sai dai ba kowa ne ke yabon su ba. Masu sharhi da dama a jaridun kiɗa na wancan zamani sun ɗauki waƙoƙinsu a matsayin fankama da girman kai, yayin da matasan da suka rungumi salon punk a ƙarshen shekarun 1970 ke yi musu kallon attajiran da suka yi nisa da talaka.

Babban tabon da ya bi su shi ne na watan Oktoban 1984, lokacin da suka je suka yi jerin wasanni a wurin shaƙatawa na Sun City da ke Bophuthatswana, ɗaya daga cikin yankunan da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta ware wa baƙar fata.

A lokacin Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga mawaƙa da su ƙaurace wa ƙasar. Ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta ci tarar su, Majalisar kuma ta sa sunansu a jerin waɗanda suka karya takunkumin.

'Yan ƙungiyar sun kare kansu da cewa babu ruwansu da siyasa, kuma baƙaƙe da farare ne suka kalle su. Amma masu adawa da wariya na ganin cewa mutumin da aka haifa a Afirka ya kamata ya fi kowa sanin abin da tafiyar ke nufi. Shekaru bayan haka Roger Taylor ya amsa cewa kuskure ne.

Wasan ƙarshe da Mercury ya yi da Queen shi ne na Knebworth a Ingila, ranar 9 ga watan Agustan 1986.

Rashin lafiya da mutuwa

Duk da rawar kansa a kan dandamali, waɗanda suka zauna da shi sun bayyana shi a matsayin mutum mai kunya da ɓoye sirrinsa, wanda ba ya son hira da 'yan jarida.

Ya shafe shekaru yana tare da wata mace mai suna Mary Austin, kafin ya shaida mata a 1976 cewa yana sha'awar maza 'yan uwansa. Sun rabu, amma ta ci gaba da kasancewa aminiyarsa mafi kusa.

A 1987 likitoci suka tabbatar masa cewa ya kamu da cutar AIDS ko SIDA. A lokacin babu magungunan rage kaifin cutar masu ƙarfi irin waɗanda aka samu daga tsakiyar shekarun 1990, kuma ana tsangwamar masu ɗauke da ita ƙwarai.

Jaridun Birtaniya sun yi ta yaɗa hotunansa yana ramewa, shi kuwa ya yi gum da bakinsa ya ci gaba da aiki. A wannan tsakani ne ya yi waƙar Barcelona tare da fitacciyar mawaƙiyar opera ta Sifen, Montserrat Caballe.

Ya naɗi waƙoƙinsa na ƙarshe a birnin Montreux na Suwizalan a 1991, lokacin da tsayuwa ma ta fara gagararsa.

A ranar 23 ga watan Nuwamban 1991 ya fitar da sanarwar cewa yana ɗauke da cutar. Washegari ya mutu a gidansa da ke Kensington yana da shekaru 45.

Limaman addinin iyayensa ne suka jagoranci jana'izarsa, aka ƙona gawarsa, aka miƙa tokar ga Mary Austin, wadda ba ta taɓa bayyana inda ta ajiye ta ba. Ita ya bar wa gidan da kuma kaso mafi tsoka na dukiyarsa.

Wasu masu fafutukar yaƙi da cutar sun ce da ya yi magana tun da wuri, da ya taimaka wajen wayar da kan jama'a. Masoyansa kuwa na cewa babu wanda ke da ikon tilasta wa mara lafiya tona asirinsa.

Abin da ya bari

A watan Afrilun 1992 sauran 'yan Queen suka shirya gagarumin wasan tunawa da shi a Wembley, kuma da kuɗin da aka tara aka kafa gidauniyar Mercury Phoenix Trust mai tallafa wa yaƙi da cutar a ƙasashe da dama.

Faifan Greatest Hits na 1981 ya zama wanda aka fi saye a tarihin Birtaniya, inda a 2022 ya kai kwafi miliyan bakwai. Fim ɗin tarihinsa na 2018 ya samar da fiye da dala miliyan 900, kuma Rami Malek, ɗan wasan Amurka wanda iyayensa 'yan Masar ne, ya ci kyautar Oscar saboda fitowa a matsayinsa.

A Zanzibar kuwa, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne, lamarin ya sha bamban. A 2006 an soke bikin da aka shirya na cikarsa shekaru 60 da haihuwa, bayan da ƙungiyar Musulmi ta Uamsho ta yi ƙorafin cewa irin rayuwar da ya yi ta saɓa wa addini da al'adun tsibirin.

Amma masu harkar yawon buɗe ido na ganin sunansa na jawo baƙi da kuɗin shiga. A watan Nuwamban 2019 aka buɗe gidan adana kayan tarihinsa a tsohon birnin, a wani gini da aka ce iyalansa sun taɓa zama a cikinsa.