Fir'auna Akenatan

Akenatan ya hau gadon sarautar Masar wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa. A shekara ta biyar ta mulkinsa ya juya wa gunki Amun baya, ya rungumi bautar Atan, wato rana. Ya bar birnin Tibis, ya gina sabo a Amarna, ya sa aka kankare sunan Amun daga duwatsu. Sarakunan tsafi, waɗanda gonaki da dukiya suke hannunsu, suka rasa tudun dafawa. Talakawa kuwa ba su yar da layunsu ba, don har a Amarna an tono su. Shekara 17 ya yi yana mulki. Bayan mutuwarsa Tutankamun ya maido da tsohon addini, birnin ya zama kufai, daga baya aka share sunan Akenatan daga jerin sarakuna.