Agustin na Hippo, Malamin Fasahar Magana

An haifi Agustin a shekara ta 354 a Tagaste, cikin ƙasar da a ke kira Aljeriya yau. Uwarsa Monika mai bi ce, amma shi ya daɗe bai bi ba. Ya yi karatu a Kartaj har ya zama malamin fasahar magana, watau mai koya wa samari su tsara zance, su warware hujjar abokin gardama, su rinjayi alƙali.

Aikin bai yi masa sauƙi ba. 'Yan makarantar Kartaj ba su da ladabi, sukan faɗa aji da hayaniya. Ya ƙaura zuwa Roma a 383, ya tarar na can suna da natsuwa, amma in lokacin biya ya yi sai su gudu wurin wani malami. Malamanmu ba za su yi mamakin wannan ba.

A 384 aka ba shi koyarwa a Milan. Can ya riƙa zuwa wa'azin Bishop Ambros domin ya auna gwanintar bakinsa kaɗai, gama ba ruwansa da abin da a ke faɗa. Amma gaskiya ta bi daɗin maganar ta shiga zuciyarsa. Ya tuba a 386, ya bar makaranta, aka yi masa baftisma a 387.

Da ya zama Bishop na Hippo bai yar da iliminsa ba. Cikin littafinsa a kan koyarwar Kirista ya nuna mana mai wa'azi yana da aiki uku: ya koyar, ya riƙe kunnen jama'a, ya motsa su su yi biyayya. A ganinsa karanta rubutun gwanaye da sauraronsu ya fi haddace ka'idodi amfani, kamar yadda yaro ke koyon magana a bakin manya. Ya kuma sa addu'a gaba da buɗe baki.

A Kaisariya ta Mauritaniya mutane sun gaji wata al'ada, kowace shekara sukan rabu biyu su yi ta jifan juna da duwatsu, har a yi kisa. Agustin ya yi musu wa'azi a 418. Da suka yi masa tafi bai ɗauka ya ci nasara ba, sai da ya ga hawayensu. Bayan shekara takwas ba su koma ga jifan ba.

Ya rasu a Hippo a 430, mayaƙan Bandal suna kewaye da garin.