Inge Lehmann: Matar da Ta Saurari Cikin Duniya

A gidanmu da ke cikin Badala, kakata ba ta sayen tukunyar ƙasa sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta kasa kunne. Daga ƙarar take gane ko akwai tsaga a ciki. Ban taɓa zaton wannan dabara ta shafi kimiyya ba, sai da na karanta tarihin Inge Lehmann, 'yar ƙasar Danmak, wadda ta yi wa duniyar nan tamu irin wannan sauraro.

An haife ta ranar 13 ga Mayu, 1888 a birnin Kopenhagen. Ta yi makarantar wata malama mai suna Hanna Adler, inda ake koya wa maza da mata darasi iri ɗaya ba tare da nuna bambanci ba. Sai da ta fito ta gane cewa ba haka ake yi a waje ba. A 1907 ta shiga jami'ar Kopenhagen karatun lissafi, a 1910 ta wuce Kambirij a Ingila. A lokacin mace za ta iya shiga lacca ta rubuta jarrabawa a Kambirij, amma ba a ba ta digiri. Sai a 1948 aka gyara wannan. Yawan karatu ya kwantar da ita, ta koma gida a 1911, ta yi shekaru tana aikin lissafin inshora. A 1918 ta koma jami'a, ta kammala a 1920 tana da shekara 32. Duk wanda ke kukan cewa sa'o'insa sun wuce shi, ya duba wannan.

A 1925 ta zama mataimakiyar Farfesa Niels Erik Nørlund, aka sa ta aikin kafa tashoshin auna girgizar ƙasa a Danmak da Girinlan. A 1928 ta zama shugabar sashen girgizar ƙasa a cibiyar awon ƙasa ta Danmak. Sunan dai babba ne, amma yawancin aikin ita ke yi da hannunta. Babu kwamfuta. Tana rubuta lokacin isowar kowace girgiza a kan kati, ta jera katunan cikin kwalayen hatsin karin kumallo.

To, me ake nema a katunan? Idan ƙasa ta girgiza, igiyoyin motsin suna ratsa cikin duniya su ɓulla a wasu ƙasashe, kamar yadda ƙarar yatsa ke ratsa tukunya. Masana na lokacin sun yarda cewa tsakiyar duniya narkakken ƙarfe ne zalla, kuma yana karkatar da igiyoyin, har ya zama akwai wani yanki na doron ƙasa da bai kamata su isa ba. A ranar 17 ga Yuni, 1929 aka yi babbar girgiza a Murchison da ke Niyu Zilan. Da Inge ta bi bayanan tashoshi, sai ta ga wasu raunanan igiyoyi sun iso inda aka ce ba za su iso ba. Wani zai ce na'ura ce ta yi kuskure, ya wuce. Ita ta zauna ta yi ta lissafi, har ta gano cewa lallai akwai wani ƙwallo daban a can tsakiyar narkakken ƙarfen, wanda igiyoyin ke karo da shi su juyo. A 1936 ta buga sakamakon a wata maƙala da ta raɗa wa suna P′ kawai. Ƙwallon yana farawa ne a zurfin kimanin kilomita 5,150. Manyan masana irin su Beno Gutenberg sun karɓi ra'ayin cikin 'yan shekaru, kuma a 1971 bincike ya nuna cewa ƙwallon daskararre ne.

Kuna zaton daga nan an ɗaga ta? Ina! A 1952 an duba sunanta don kujerar farfesa a Kopenhagen, ba a ba ta ba. Ta yi ritaya a 1953, ta ci gaba da bincike a Amurka da Kanada. Lambar yabo ta William Bowie sai a 1971 ta zo, ita ce mace ta farko da ta samu. Ta buga maƙalarta ta ƙarshe a 1987, ta rasu ranar 21 ga Fabrairu, 1993 tana da shekara 104.

Abin da ya sa labarin ya taɓa ni shi ne, a inda na yi SIWES maza aka riƙa miƙa wa na'ura, ni kuma aka ba ni littafi in riƙa rubuta lambobi, wai rubutun mata ya fi kyau. Wallahi abin ya ci mini rai, kuma har yau ina ganin ba a kyauta ba. Sai dai Inge ta nuna mini abin da ban lura da shi ba: mai riƙe da lambobin shi ke fara ganin wadda ta bambanta da saura. Ni kwafa kawai na yi, ban taɓa tambayar me suke faɗa ba.

Kada a ce wannan ilimin na Turai ne. Ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, ta motsa a Mpape ta Abuja a 2018, kuma akwai cibiyar da ke sa ido kan irin wannan a Toro, jihar Bauchi. Farfesa Deborah Ajakaiye, masaniyar kimiyyar cikin ƙasa, a ABU Zariya ta yi digirin digirgir a 1970.

'Yan'uwana mata da za su fita SIWES bana, ku nemi a ba ku na'urar, haƙƙinku ne. In kuma littafin aka miƙo, ku karɓa, ku karanta abin da kuka rubuta.