George Wright: Tauraron farko mai albashi a wasan besbol na Amurka

A shekarar 1869 wata ƙungiyar wasan besbol a birnin Cincinnati na jihar Ohio ta yi abin da ba a saba gani ba a Amurka: ta fito fili ta bayyana cewa dukkan 'yan wasanta ma'aikata ne masu cin albashi. Wanda ya fi kowa samu a cikinsu shi ne George Wright, matashi ɗan shekara 22, da aka yanka wa dala 1,400 a kakar wasa guda. Kuɗin ya ninka abin da lebura ke samu a shekara fiye da sau biyu, ya kuma zarce dala 1,200 da ake biyan yayansa Harry, wanda shi ne kyaftin kuma mai kula da ƙungiyar.

Kafin a gane dalilin wannan fifiko, sai an san yadda wasan yake. Ƙungiya biyu ce ke karawa, kowace da mutum tara. Ɗaya na bugu, ɗaya na tsaro, sa'an nan su yi musanya. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai sanda ya maka ta, ya ruga ya bi ta zango na ɗaya, na biyu da na uku, ya dawo gida inda ya tashi. Wanda ya kammala wannan kewaye ya ci maki guda. Aikin masu tsaro shi ne su cafe ƙwallon tun tana sama, ko su riga mai gudu isar da ita zangon da ya nufa, su fitar da shi. Kowane zango na da mai gadinsa, amma akwai mutum guda da ba shi da zango, wanda ke tsare giɓin da ke tsakanin na biyu da na uku. Nan ne ƙwallon masu bugu da hannun dama ta fi bi, don haka mai tsaron giɓi ke buƙatar ƙafa mai sauri, ido mai kaifi da hannu mai ƙarfin jifa. Wannan ne gurbin George Wright.

An haife shi ranar 28 ga Janairu, 1847, a jihar New York. Mahaifinsa, Samuel Wright, Bature ne ɗan Ingila da ya yi ƙaura da iyalinsa, yana cin abinci da wasan kurket a ƙungiyar St. George ta New York. A filin kurket ɗin George ya tashi, can ya koyi riƙon sanda da cafe ƙwallo da tsirarar hannu, domin a wancan zamani ba a san safar hannu ta fata ba. Harry, wanda ya girme shi da shekara 12, shi ya riga shi karkata ga besbol, ƙanen kuma ya bi sahu.

A lokacin, doka ta hana biyan ɗan wasa, sai dai kowa ya san ana biya ta bayan gida. A 1867 George ya buga wa ƙungiyar Nationals ta birnin Washington, wadda da yawa daga cikin 'yan wasanta sunansu akawu ne a ofisoshin gwamnati, alhali aikinsu na gaskiya yana fili. A rangadin da suka yi zuwa yammacin ƙasar a shekarar, sun lallasa ƙungiyar Harry ta Cincinnati da ci 53 da 10. Wannan kunya ce ta sa masu kuɗin birnin suka ƙudurta tara gwanaye ko daga ina suke. Da aka halatta biyan albashi gabanin kakar 1869, Harry ya ɗauko ƙanensa. Cikin mutum tara da ke shiga fili, ɗaya kacal, Charlie Gould, shi ne ɗan asalin Cincinnati.

Ƙungiyar, wadda ake kira Red Stockings saboda dogayen jajayen safa da suke sawa, ta buga wasa 57 da ƙungiyoyin da ke cikin ƙawancen ƙasa a 1869, ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Ta je Washington, Shugaba Ulysses Grant ya karɓi baƙuncinta. Ta hau jirgin ƙasa a kan layin dogon da aka kammala a watan Mayun shekarar, wanda ya haɗa gabas da yamma, har San Francisco. George ya yi nasara a fiye da 6 cikin kowane bugu 10, kuma sau 49 yana maka ƙwallo ya kewaye zangunan duka a tashi ɗaya. Gaskiya ne waɗannan alƙaluma ba a auna su da na yau, domin mai jifa a lokacin ta ƙasa yake wurgo ƙwallo, masu tsaro ba su da safar hannu, yawancin abokan karawar kuma masu wasa ne don sha'awa. Amma abokan wasansa ma a wannan yanayi suka buga, kuma babu wanda ya kamo ƙafarsa.

Ba shi ya ƙirƙiro gurbin tsaron giɓi ba. Ana danganta farkonsa da Doc Adams na ƙungiyar Knickerbockers, sa'an nan Dickey Pearce na Brooklyn ya daidaita shi. Abin da George ya ƙara shi ne ja da baya. Tun da hannunsa na iya kai ƙwallo zango na ɗaya daga nesa, sai ya riƙa tsayawa can baya, inda yake ganin ƙwallo da wuri, yake kuma rufe fili mai faɗi. Haka masu wannan gurbi ke tsayawa har yau.

Ranar da ta fi nuna kimarsa, abin mamaki, ita ce ranar da aka ci su. A 14 ga Yuni, 1870, bayan nasarori fiye da 80 a jere, Red Stockings ta gamu da Atlantics a Brooklyn. An kammala zagaye tara da aka saba ana 5 da 5. Masu masauki sun yarda a tashi canjaras, Harry ya ce sai an ci gaba. A zagaye na 10, Atlantics na da mutum biyu a kan zanguna, sai aka buga ƙwallo ta yi sama kaɗan ta nufo George. Da ya cafe ta, mutum ɗaya zai fitar. Sai ya bar ta da gangan ta taɓa ƙasa, wanda hakan ya wajabta wa masu gudun barin zangunansu, ya ɗauke ta nan take, aka fitar da biyu a lokaci guda. Irin wannan wayo ne ya sa aka kafa dokar hana shi a shekarun 1890. A zagaye na 11 Cincinnati ta ci biyu. Da Bob Ferguson, kyaftin ɗin Atlantics, ya zo bugu, sai ya sauya ya tsaya a matsayin bahago, duk da cewa da dama ya saba, don kawai ƙwallonsa ta kauce wa George. Dabarar ta yi aiki: bugunsa ya kawo makin da ya daidaita wasa, shi ne kuma ya shigo gida da makin nasara. Aka tashi 8 da 7.

Mutanen Cincinnati, waɗanda suka saba da nasara, suka fara janye jiki daga filin, shugabannin ƙungiyar kuma suka daina biyan albashi a ƙarshen 1870. Harry da George suka koma Boston da sunan da jajayen safar. Ƙungiyar da suka kafa a can ta ɗauki kambi shekara huɗu a jere, 1872 zuwa 1875, a ta ƙarshen ma ta ci wasa 71 ta faɗi 8. Ita ce, bayan ƙaura biyu, ake kira Atlanta Braves a yau. Da aka buɗe gasar National League ranar 22 ga Afrilu, 1876, a Philadelphia, George ne mutum na farko da ya riƙe sanda a tarihinta. Boston ta sake lashe kambi a 1877 da 1878.

A 1879 ya karɓi ragamar ƙungiyar Providence, yana wasa yana jagoranci, ya ɗauki kambi ya bar ƙungiyar yayansa a matsayi na biyu. Wannan ce kaɗai shekarar da ya jagoranci ƙungiya. A ƙarshenta masu ƙungiyoyi suka ƙulla yarjejeniyar da ta ba kowace damar riƙe 'yan wasa biyar, ba wadda za ta ɗauke su. George na son komawa Boston kusa da shagonsa, Providence ta sa sunansa cikin biyar ɗin. Ya ƙi komawa, ya kusa shafe 1880 gaba ɗaya a zaune. Mutumin da aka fara nunawa a matsayin shaidar cewa ɗan wasa na iya sayar da gwanintarsa, yana cikin na farko da aka nuna wa iyakar wannan 'yanci. Tsarin riƙe 'yan wasa bai karye ba sai a 1975. George ya yi wasansa na ƙarshe a 1882.

Ya fi takwarorinsa sa'a, domin yana da abin komawa. Shagon kayan wasanni da ya buɗe a Boston ya bunƙasa ya zama kamfanin Wright & Ditson, wanda ya yi suna wajen kayan tanis da golf. A 1890 ya nemi izinin hukuma ya gwada wasan golf a dandalin Franklin Park na birnin. Francis Ouimet, matashin da ya girgiza gwanayen Birtaniya ya lashe gasar US Open ta golf a 1913, ma'aikacin shagon ne. Ɗansa Beals Wright ya ci zinare a tanis a gasar Olamfik ta 1904, ya kuma zama zakaran Amurka a 1905.

Akwai abu guda da ba ya cikin abin yabo. George na cikin kwamitin Mills da aka kafa a 1905 don binciken asalin besbol, wanda a 1907 ya yanke cewa wani soja, Abner Doubleday, ne ya ƙirƙiro wasan a garin Cooperstown a 1839, ba tare da wata alaƙa da Ingila ba. Masana tarihi sun yi watsi da wannan labari tun da daɗewa. Da wuya a ce ɗan mai wasan kurket, wanda ya girma yana ganin dangantakar wasannin biyu da idonsa, bai fi kowa a kwamitin sanin raunin maganar ba.

Ya rasu a Boston ranar 21 ga Agusta, 1937, yana da shekara 90. A watan Disambar shekarar aka zaɓe shi cikin zauren karrama gwarazan besbol, wanda aka gina a Cooperstown albarkacin wancan labari na Doubleday.